“Ku Kai Ta Gida” Ba Magani Ba Ne

Yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba tattaunawa, in yi magana a kan wani abu da ya faru a gidanmu, wanda na tabbata ya faru a gidajen da yawa daga cikinku ko da ba ku taɓa faɗa ba. Rubutun yana da ɗan tsawo. Ku daure ku karanta har ƙarshe, musamman wanda yake da majinyaci a kwance.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina aji uku a firamare. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta biya mini jarrabawar gama sakandare, da su kuma ta haɗa mini kuɗin rajistar difloma. Ba ta faɗin sunana saboda sunan mahaifinta aka sa mini, sai dai ta ce Babana. Wata shekara ta ji ƙullutu a nononta, ta ɓoye kusan shekara guda saboda kunya da tsoron a ce za a yanke. Da aka gano sankara ce, aka yi mata aiki, aka yi mata ƙarin ruwan magani, ta murmure har ta koma bakin sana'arta. Muka yi hamdala, muka ɗauka an wuce wurin.

Bayan kamar shekara biyu sai ta fara kukan ciwon baya. Muka ce tsufa ne da yawan zaman tuya. Aka sayo man zafi, aka kira mai ƙaho, har wurin mai ɗori aka kai ta ya danna bayan. Ciwon sai gaba yake yi, kuma ya fi tsanani da dare. Ta daina ruku'u, ta koma sallah a zaune, daga nan a kwance. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, sai ga maƙwabta suna jiyo ihunta ta katanga cikin dare. Ranar da hoto ya nuna cewa sankarar ce ta kama ƙashin baya, ma'aikacin da muka tarar a wani asibiti ya dube ni ya ce, “Malam, ku kai ta gida ku ci gaba da addu'a, babu abin da za a yi mata.” Ya rubuta mana farasitamol da wani maganin ciwon jiki, muka fito.

Wannan magana ita ce dalilin rubutuna. Rabinta gaskiya ce, domin idan sankara ta bazu zuwa ƙashi, galibi ba a iya kawar da ita gaba ɗaya. Ɗaya rabin kuwa kuskure ne babba, domin raɗaɗin da take jawowa yana da magani, hanyoyinsa ma suna da yawa. Wasunsu araha ne ƙwarai, wasu kuma aikin allura ne na awa ɗaya ko biyu, ba tare da an farke mutum ba. Da na san haka a ranar, wallahi da Gwaggo ba ta yi makonnin da ta yi tana ihu ba.

Bari in fara da yadda abin yake. Sankarar da ta fi yawan zuwa ƙashi ita ce ta mama, da ta furostet wadda mutanenmu suke kira kansar mafitsara ta maza, da ta huhu, da ta ƙoda, da ta halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ƙwayoyin cutar suna bin jini su sauka a inda bargo yake da yawa, wato ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari da ƙashin cinya. Shi ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki yana rushe tsohonsa yana gina sabo. Idan sankara ta zauna a ciki sai ta ɓata wannan lissafi, rushewa ta fi gini yawa, ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta ci, a waje lafiya, ciki kuwa rami. Fatar da ta lulluɓe ƙashi cike take da jijiyoyin jin zafi, to idan ƙari ya tura ta, ko ƙashin ya fara tsattsagewa, shi ne zafin nan da mutum yake ji kamar ana huda shi da ƙusa. Shi ya sa wani majinyacin idan yana kwance shiru da sauƙi, amma da an ce a juya shi sai ihu. Shi ya sa kuma ƙashin yakan karye ba tare da an faɗi ko an buge ba.

Matakin farko na magani ba ya buƙatar wata na'ura. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin rage raɗaɗin kansa mai hawa uku kamar tsani: a fara da ƙananan magunguna irin su farasitamol, idan ba su yi ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi, idan ba su yi ba a ba da mofin. Mofin na sha tsohon magani ne, kuma ba shi da tsada. Ana ba da shi ne bisa agogo, yawanci duk bayan awa 4, ba sai an jira ciwo ya tashi ba. Yana sa taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da mai sassauta ciki, yana kuma iya sa gyangyaɗi a kwanakin farko. A Yuganda, wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Najeriya, ta kafa cibiyar kula da masu ciwon ajali a 1993, ta yaɗa mofin na ruwa da ake haɗawa a cikin ƙasar. A 2004 gwamnatin Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa isa ƙauyuka. Yuganda fa, 'yan uwa, ba Ingila ba.

Mu a nan muna da wani tabo da ya sa muke tsoron irin wannan magani, kuma na fahimci dalili. Mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ni kaina na yi yawon unguwanni ina wa'azin a bar shaye-shaye, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma tsohuwar da ƙashin bayanta yake rugujewa ba 'yar maye ba ce. Idan tsoron yaron da ke bayan kasuwa ya sa aka hana ta magani, mun hukunta marar laifi. Abin da ake buƙata shi ne rajista, da takardar likita, da akwati mai kwaɗo a gida.

Mataki na biyu shi ne gashi da na'ura. Mutane da yawa sun ɗauka gashi sai an yi makonni ana zarya. Don rage zafin ƙashi kuwa, manyan bincike sun nuna cewa zama ɗaya tak yana rage raɗaɗi daidai da zama 10, sai dai wanda aka yi wa sau ɗaya ya fi yiwuwar a sake masa nan gaba. Kusan mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, amma sauƙin yakan ɗauki makonni kafin ya kankama. Ku duba abin da wannan yake nufi ga mutumin ƙauye: kuɗin mota sau ɗaya, babu neman masauki, babu barin gona na mako biyu. A Arewa akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, da na Sakkwato, akwai kuma a babban asibitin ƙasa da ke Abuja. Akwai kuma allurar ƙarfafa ƙashi da ake sawa ta jijiya lokaci-lokaci don rage karaya, wadda likita yakan so a duba haƙora da ƙoda kafin a fara.

To yanzu ga abin da na fi so ku sani, wanda ni ma ban taɓa jin labarinsa ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Akwai wani fannin likitanci na masu aiki da hoto da allura. Su ba sa farke jiki. Suna kwantar da majinyaci a cikin na'urar hoto, su kashe zafin wurin, wani lokaci su ɗan sa shi barci, sannan su tura allura ta fata suna kallon tafiyarta a allon kwamfuta har ta isa daidai inda ƙarin yake. Ƙofar da suke yi ba ta wuce kaurin biro ba, sau da yawa ko ɗinki ba a yi. Majinyata da yawa a ranar suke komawa gida, ko washegari.

Hanya ta farko ita ce ta siminti. E, siminti, amma ba na gini ba. Wani nau'in roba ne mai ruwa-ruwa da likitocin ƙashi suka daɗe suna amfani da shi wajen liƙa ƙugun roba. Ana tura shi ta allura zuwa cikin gaɓar ƙashin bayan da ta rarake, cikin 'yan mintuna ya daskare ya tallabe ta daga ciki. Da tsattsagewar nan ta daina motsi sai zafin ya ragu, sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. An fara wannan aiki ne a 1984 a birnin Amiyan na Faransa, inda likitoci biyu, Galibert da Deramond, suka yi wa wata mata mai ƙari a ƙashin wuya. Daga baya aka ƙara dabarar tura ɗan balan-balan a hura shi a cikin ƙashin ya buɗe gurbi, sannan a cika gurbin da simintin. Ana kuma yin irin wannan a ƙashin ƙugu. Ku lura da shekarar: 1984. Yawancin masu karanta wannan rubutu ba a haife su ba a lokacin, amma har yau talakanmu bai san da zaman abin ba.

Hanya ta biyu ita ce ƙona ƙarin. Wanda ya tashi a ƙauye ya san sakiya, inda ake gasa ƙarfe a huda kumburi. To wannan kamar jikanta ce da ta yi makaranta. Allurar tana shiga da sanyinta, sai ta isa tsakiyar ƙarin sannan a kunna ta, bakinta ya yi zafi ta hanyar lantarki. Idan zafi ya haura digiri 60 ƙwayoyin cutar suna mutuwa nan take, tare da ƙananan jijiyoyin da suke kai saƙon ciwo daga wurin. Bambancinta da sakiya shi ne likita yana ganin inda yake, yana auna zafin, yana kare laka da manyan jijiyoyin da ke kusa.

Hanya ta uku kishiyar wannan ce, wato daskarar da ƙarin. Ana tura iskar gas ta cikin allura, bakinta ya yi sanyi har ƙanƙara ta dunƙule a kewayensa. A tsakiyar dunƙulen sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, wanda ƙwayar halitta ba ta iya jurewa. Amfanin wannan hanya shi ne ƙanƙarar tana fitowa sarai a hoto, likita yana ganin iyakarta, idan ta doshi wuri mai haɗari sai ya tsayar. Sau da yawa akan haɗa biyu a zama ɗaya, a ƙona ko a daskarar da ƙarin, sannan a cika ramin da siminti don kada ƙashin ya rufta.

Akwai hanya ta huɗu wadda ko allura babu. Kun tuna muna yara muna tara hasken rana da gilashi a kan takarda har ta kama hayaƙi? Haka ake tattara igiyar sauti mai ƙarfi daga wajen jiki a haɗa ta a wuri guda a kan ƙashin, wurin ya yi zafi, jijiyoyin ciwon su mutu, fata kuwa ba a huda ta ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wannan don zafin sankarar ƙashi a 2012. Na'urarsa tana da tsadar gaske, ba ita nake cewa a fara saya mana ba. Ta biyar kuma ita ce toshe jijiyar jinin da ke ciyar da ƙarin, ta hanyar zura siririn bututu daga matsematsi. An fi yin ta ga sankarar da ta taso daga ƙoda ko gaban wuya, saboda irinsu suna da yawan jini.

Kada wani ya karanta wannan ya tafi yana cewa an samu maganin kansa. Ba a samu ba ta wannan hanya. Aikin allura yana gyara wuri ɗaya ko biyu ne da suka fi damun mutum, cutar tana nan a sauran jiki, kuma ana ci gaba da sauran magunguna. Ba kowa ya dace da shi ba. Wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, ko mai ƙwayar cuta a wurin, ko wanda ƙarin ya riga ya danne laka, likita zai iya cewa a'a ko ya zaɓi tiyata. Akwai haɗari kuma: siminti yana iya tsiyaya zuwa inda ba a so, zafi ko sanyi yana iya taɓa jijiya, ana iya zubar jini. Shi ya sa sai ƙwararre, kuma sai likitan kansa da na ƙashi da na hoto sun zauna sun duba tare. Amma ga wanda aka yi wa gashi bai ji sauƙi ba, ko wanda ciwon ya dawo, ko wanda mofin ba ya riƙe shi idan ya motsa, wannan hanya takan mayar da mutum daga kwance zuwa zaune, wani ma har ya taka zuwa bayi da ƙafarsa. Wanda bai taɓa jinya ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Ku tambayi dattijon da 'yarsa take ɗauke masa fo.

Ita Gwaggo ba ta samu aikin allurar ba. Abin da ta samu shi ne wata likita matashiya a wani asibitin koyarwa, bayan mun yi makonni muna bin shawarar “ku kai ta gida”. Ta duba hoton, ta tambaye ta da kanta, “Mama, a ina ya fi yi miki zafi?” Ita ce mutum ta farko da ta tambaye ta haka. Ta rubuta mofin na ruwa, ta koya mini yadda zan auna, ta haɗa mu da masu gashi. A daren farko Gwaggo ta yi barci har na tsorata na je ina taɓa hancinta. Da asuba ta buɗe ido ta ce, “Babana, ashe haka barci yake da daɗi.” An yi mata gashi zama ɗaya bayan doguwar jira. Likitar ce ta gaya mini cewa da mun zo da wuri, kuma da akwai mai yin aikin a kusa, gaɓar bayanta da ta rufta irin wadda ake cika wa siminti ce. Gwaggo ta ƙara watanni a duniya. A cikinsu ta zauna a tabarma ranar sunan jikarta, ta raba 'yan kayanta da bakinta, ta nemi gafarar waɗanda take so ta nema. Allah Ya jiƙanta da rahama. Mai ihu ba ya iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mini a zaure. Za su ce ƙasar da zazzaɓin cizon sauro yake kashe yara, mata suke mutuwa wurin haihuwa, ina ita ina kashe kuɗi a kan wanda ba zai tashi ba? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ku duba abu uku. Na ɗaya, matakin farko, wato mofin da horar da ma'aikata, kuɗinsa bai kai na shagalin buɗe titi ɗaya ba. Na biyu, na'urar hoton da ake aikin allura da ita, ita ce dai ake duba wanda ya yi haɗarin mota da mai shanyewar ɓarin jiki, kuma likitan da aka horar a wannan fanni shi ne zai toshe jijiyar matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa. Ba a ware wa masu kansa kaɗai ba. Na uku, ciwon da ba a kula da shi ba ma yana cin kuɗi, sai dai daga aljihun talaka yake ci. Mu mun sayar da akuyoyi da keken ɗinki a kan ƙaho da rubutu da jiƙe-jiƙe da magungunan kemis da ba su yi komai ba, ƙanwata kuma ta bar makaranta zango guda tana jinya.

Wasu kuma za su ce ai ciwo kaffara ne, sai haƙuri. Babu mai jayayya da haƙuri. Amma ban taɓa jin malamin da ya hana mai ciwon haƙori cire shi ba, kuma babu wanda yake cewa a yi masa tiyata ba allurar kashe zafi don ya ƙara lada. Mun iya ba wa wani haƙuri a kan ciwon da ba a jikinmu yake ba.

Lamarin kuma ba na gida ɗaya ba ne. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya ya nuna cewa sama da mutum 120,000 ne suke kamuwa da kansa a Najeriya duk shekara, kusan 80,000 kuma suke mutuwa. Kansar mama ce kan gaba a mata, ta furostet a maza, kuma su biyun ne suka fi son zuwa ƙashi. Yawancin mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya yi nisa. Ma'ana, irin daren da muka yi da Gwaggo, yanzu haka ana yin sa a dubban gidaje, daga Sakkwato har Maiduguri, a bayan labule.

Ba wai babu doka ko hukuma ba. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma har yau kasafin tarayya bai taɓa kai wannan adadi ba, ko wace gwamnati ce a kan mulki. A 2017 aka yi dokar kafa cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa. A 2022 aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta tanadi asusu don marasa galihu. Akwai kuma asusun tallafa wa masu kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet a wasu asibitocin tarayya. Takardu dai akwai su. Abin da ya rage shi ne masu bibiya, kuma nan ne aikinmu yake, mu da muke da waya a hannu da lambar kansila da ta ɗan majalisa.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu riƙa tambaya, a taron mazaɓa, da ziyarar sallah, da duk inda muka samu mai faɗa a ji. Shin babban asibitin ƙaramar hukumarmu yana da mofin na sha, da ma'aikacin da aka koya wa ba da shi? Shin jiharmu ta ɗauki nauyin ko da likita biyu su koyo aikin hoto da allura, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida? Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna manyan birane. Shin idan an sayi na'ura, an sa kuɗin gyaranta da wutar da za ta riƙe ta a cikin kasafi, ko kuwa hoton yanke kyalle kawai ake so? Shin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ta sa rage raɗaɗin kansa a cikin abin da take biya? Wanda ya kawo mana buhun shinkafa mun gode, amma a ƙara masa da waɗannan tambayoyi, kuma a rubuta amsarsa da kwanan wata.

Mu kanmu akwai gyara a wurinmu. Kullum muna ganin hoton majinyaci a Facebook da lambar asusu, ana neman miliyoyi a kai shi Indiya ko Masar. Taimako abu ne mai kyau, Allah Ya saka wa masu bayarwa. Amma kafin mu yaɗa, mu tambayi likitan da ke duba shi me tafiyar za ta yi masa. Idan warkewa ake sa rai, madalla. Idan kuwa cutar ta riga ta bazu, wataƙila kaɗan daga cikin kuɗin nan zai sama masa gashi da maganin raɗaɗi a nan kusa, ya yi sauran kwanansa a cikin iyalinsa, a bar wa marayu gida da gona.

Ga masu jinya a gida, ku riƙe waɗannan. Duk wanda aka taɓa yi wa maganin kansa, ko shekara nawa ta wuce, idan ya fara ciwon baya ko ƙugu da ba ya tafiya, musamman mai tashin sa daga barci, a koma asibiti a faɗa musu tarihinsa. Kada a kai shi wurin mai ɗori a danna, domin ƙashin da ya rarake yana iya karyewa a hannu. Ina girmama masu ɗori, sun taimaki al'umma, amma wannan ba irin karayarsu ba ce. Idan ƙafafu suka fara nauyi ko mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, alama ce ta an danne laka. A tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, domin jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya zama shanyewar da ba ta dawowa. Idan kuma majinyaci ya kama yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ya fara rikicewa yana sambatu, kada a yi saurin cewa iska ce. Sinadarin ƙashin da ke narkewa ne yakan taru a jini, kuma ana sauke shi da ƙarin ruwa da allura.

Idan kun shiga wurin likita, ku yi tambaya cikin ladabi amma kada ku ji kunya. Ku ce, “Likita, mun ji ba za a warke ba. To zafin fa, me za a yi masa? Akwai mofin? Gashi zama ɗaya zai yi? Irin nasa ana yi masa siminti ko ƙonawa ta allura? Idan ba a yi a nan, ina za ku tura mu?” Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Yawancin ma'aikatan lafiyarmu suna aiki ne cikin ƙunci, mutum ɗaya a kan layin mutum ɗari, kuma ban riƙe wanda ya sallame mu a zuciya ba. Abin da yake da shi a hannu ke nan a ranar. Amma ku kada ku tsaya a kan amsar farko kamar yadda na tsaya.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya tura wa wanda ya san yana da majinyaci, ya kuma karanta wa iyayenmu da ba sa hawa intanet. Wanda yake aikin lafiya a cikinmu ya gyara mini inda na yi tuntuɓe, ya ƙara mana haske a kan inda ake samun waɗannan ayyuka a jiharsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba masu jinya ladan ɗawainiya. Amin.